Jadawalin Gantt da noman tattasai a Komadugu

A kwarin Komadugu na jihar Difa, ruwan kogi ke yanke wa manomin tattasai lokacin aiki. Wajejen 1910 Henry Gantt, injiniya Ba'amurke, ya tsara jadawalin da ake zanawa yau a kwamfuta. Ana jera ayyuka a gefen hagu: yafa iri, dashe, ban ruwa, tsinka da shanya, makonni kuwa a sama. Kowane aiki ana ja masa sanda kwance daidai yawan kwanakinsa. In aka ɗaure sandunan, jinkirin dashe sai ya tura tsinka gaba, kowa ya gani. Ambaliyar Oktoban 2019 ta cinye gonaki a Difa. Wajibi ne malaman gona su sa watannin cikar kogi cikin jadawali, domin ruwa ba ya jiran takardar ofis.