Ku Sabunta Tafintan Kwamfutarku

Ana jan hankalin ma'aikatan ofis, da ɗaliban Jami'ar Jos, da masu shagunan kwamfuta a Jos da Bukur ga wannan bayani.

Kowace manhaja da wani harshe ake rubuta ta, kamar Java ko Python. Kwamfuta kuwa ba ta jin irin waɗannan harsuna kai tsaye, sai an ɗora mata wata manhaja ta musamman mai fassara mata umurni. Ita ce muka kira tafinta. Kamfanin Sun ne ya fito da Java a 1995, sa'an nan Oracle ya saye kamfanin a 2010.

Tafinta aikin ɗan Adam ne, bai rasa ɓaraka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta irin wannan ɓaraka ɓarayin intanet ke kutsawa su kwashe lambobin sirri na banki da takardun jama'a. A Janairun 2013 abin ya kai har gwamnatin Amurka ta shawarci mutane su kashe Java a manhajojin shiga intanet. Shagon da ɗaruruwan ɗalibai ke rajistar jarrabawa a cikinsa, in tafintansa ya tsufa, amanar dukkansu ce ke cikin haɗari.

Saboda haka a kiyaye abubuwa huɗu.

Na ɗaya, Oracle na fitar da gyaran Java sau huɗu a shekara, watau Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Da zarar ya fito a ɗora shi, kada ƙyashin kuɗin data ya hana.

Na biyu, in an ɗora sabo a cire tsohon, gama ƙofarsa na nan a buɗe muddin yana cikin na'ura.

Na uku, a sauko da gyara daga shafin masu harshen kaɗai. Saƙon da ya faɗo haka kawai yana cewa a latsa nan a sabunta, sau da yawa tarko ne.

Na huɗu, a rabu da tafintan da masu shi suka daina gyarawa. Python 2 an daina kula da shi tun 1 ga Janairu, 2020.

In wata tsohuwar manhajar ofis ta ƙi aiki da sabon tafinta, a sanar da jami'in kwamfuta, a kuma raba na'urar da intanet har a gyara. Rigakafi ya fi magani.