Dalilin Da Ya Sa Unguwannin Masu Hali A Abuja Suka Ƙi Jam'iyyar Gwamnati

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, Birnin Tarayya ya ba 'yan siyasa mamaki. Mista Peter Obi na jam'iyyar Labour ya sami ƙuri'a 281,717, Alhaji Bola Tinubu na APC, watau jam'iyyar da ke mulki, ya sami 90,902, Alhaji Atiku Abubakar na PDP kuwa 74,194. Mafi yawan ƙuri'un Obi daga cikin birni da yankin Bwari suka fito, inda Maitama da Asokoro da Gwarinpa da Kubwa suke.

Lalle ƙabila da addini sun yi tasiri. Amma akwai wani dalili. Mazauna waɗannan unguwanni yawancinsu 'yan boko ne, ma'aikata da 'yan kasuwa da suka taru daga ko'ina a ƙasar nan. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya sayi janareta, ya sa 'ya'yansa makarantar kuɗi, ba ya jiran buhun shinkafar ɗan takara, kuma ba mai unguwar da zai gaya masa inda zai dangwala. Abin da ke damunsa shi ne faɗuwar Naira da ɗansa mai digiri da ke zaune ba aiki. Ga shi kuma Abuja ba ta da gwamna mai kora jama'a rumfar zaɓe, sai minista.

A Abaji kuwa, ƙasar manoma, Tinubu ne ya yi nasara.