Uwargida, Ga Yadda Za Ki Sassauta Hasken Doguwar Fitila

Yau zancenmu a kan doguwar fitilar lantarki ne, wato farar nan mai kamar sanda da ake kafawa a bango. Daga Tsanyawa har Bichi, da wuya ki shiga ofis, ko asibiti, ko ɗakin da aka yi wa jere, ba ki tarar da ita ko 'yar'uwarta ba. Tana da haske, ba musu. Amma sau nawa kika sha kwalliya, aka kawo wuta, kika duba madubi kika ga fuskarki ta yi fari fat kamar wadda ta tashi daga jinya? Laifin fitilar ne, ba na hodarki ba.

Ga dalili. A cikin gilashin nan akwai tururin zaiba kaɗan. In lantarki ya ratsa shi, sai ya ba da wani haske wanda ido ba ya gani. Farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi, shi ke mayar da wannan haske ya zama wanda muke gani. Ashe ke nan launi daga garin yake. Tun 1938 da kamfanin General Electric ya fara sayar da ita a Amurka ake yin ta launi-launi.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a sake fitilar. In maigida zai shiga Kano, ki ce ya duba lambar da ke jikinta a Kasuwar Sabon Gari. Mai 6500K ita ce mai farin nan da ya ɗan yi shuɗi. Mai 2700K ko 3000K kuwa haskenta ruwan ƙwai ne, mai taushi, kusan irin na fitilar aci-balbal amma ba hayaƙi. Ita ta dace da ɗakin kwana da wurin hira, tana kuma fito da kyan lalle da jan tasoshi. Ƙananan fitilun LED na zamani, har da masu aiki da hasken rana, su ma wannan lamba ke jikinsu.

In ba halin saye, to ki gyara abin da hasken ke dukawa. Bango mai fenti ruwan madara da labule ruwan goro suna mayar da haske da ɗumi. A ofis kuma, inda ba ki da ikon taɓa ta sama, ƙaramar fitilar tebur ta ishe ki.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Na san gidajen da ake naɗa jar leda, ko takarda, ko gyale a jikin fitila, musamman ɗakin amarya. Don Allah a daina. Bakunan fitilar biyu suna zafi, haka ma ƙarfen da ke cikin mazauninta. Leda takan narke, gyale kuwa a ɗaki mai katifa da labule, ai ba sai an faɗa ba. Akwai rigar roba mai launi da aka yi musamman domin wannan aiki. In an samu, mai gyaran wuta ya saka ta bayan an kashe makunni.

Ke kuma 'yar makaranta, jar fitila da shuɗiya ba na karatu ba ne. Rage haske suke yi, sai ki yi ta ƙanƙance ido. Ki riƙe fararki. Haka mai ɗinki: in za ki haɗa zare da atamfa, fito tsakar gida da rana.

In fitila ta fashe, ki fitar da yara, ki buɗe taga da ƙofa kamar minti 10. Ki kwashe gilashin da kwali, ki goge garin da jiƙaƙƙen tsumma, ki ƙulle duka a leda. Kada a yar kusa da rijiya, kada kuma yara su mai da matacciyar fitila sandar wasa, domin zaiba guba ce. Saboda ita ne ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Minamata, har da Nijeriya, suka amince a Geneva a 2023 za a daina ƙera irin waɗannan fitilu zuwa ƙarshen 2027. To, in taki ta mutu, ki ce a sayo LED, a kuma duba lambar kafin a biya kuɗi.