Sankarar Hular Ƙoda da Abin da Ake Gada a Jini

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zaune kamar hula a kan mutum. Likitoci suna kiranta adirenal, a nan kuma za mu riƙa ce mata hular ƙoda. Guda biyu ne, dama da hagu, kowace nauyinta bai wuce giram 5 ba. Ba ta yin fitsari. Aikinta shi ne zuba wasu sinadarai cikin jini, waɗanda ke daidaita gishiri, sukari da ƙarfin bugun jini, su kuma tsayar da jiki a lokacin tsoro ko zazzaɓi mai zafi. Tana kuma yin kaɗan daga cikin sinadaran balaga.

Ƙari yakan fito a wannan tsoka, kuma mafi yawansa ba ya cutarwa. Mutum zai tsufa da shi bai sani ba. Amma akwai mugun iri, wato sankarar ɓawon hular ƙoda. Ba ta da yawa: cikin mutum miliyan ɗaya, ɗaya ko biyu take kamawa a shekara. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5 da manya masu shekara 40 zuwa 50, kuma ta fi samun mata. Ma'aikacin jinya zai iya gama aikinsa bai gan ta fiye da sau ɗaya ko biyu ba, shi ya sa takan wuce ba a gane ta ba sai ta yi nisa.

Birki da totur

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace akwai rubutaccen umarni da ke faɗa mata lokacin rabuwa biyu da lokacin tsayawa. Wannan umarni shi ake kira ƙwayoyin gado, domin daga iyaye muke samunsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wasu suna aiki kamar totur na mota, wasu kamar birki. Sankara takan fara idan totur ya maƙale ko birki ya tsinke.

A sankarar hular ƙoda, totur ɗin da aka fi sani shi ne IGF2. Aikinsa shi ne girmar da jariri a ciki, kuma a mai lafiya wanda ya zo daga uba ne kaɗai ke aiki, na uwa yana kwance. A cikin ƙarin, na uwa yakan ɓace, na uba ya ninka, sai tsoka ta yi ta girma kamar har yanzu a mahaifa take. Ana samun haka a kusan 9 cikin 10 na wannan sankara. Amma IGF2 shi kaɗai ba ya nuna wadda za ta yi saurin bazuwa.

Saurin ya fi rataya a kan wasu. A 2014 masu bincike a Turai, ƙarƙashin jagorancin likitocin Faransa, sun nuna cewa wani birki mai suna ZNRF3 yakan lalace a kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu ciwon. Shi ne ke riƙe wani totur da ake kira CTNNB1. A 2016 wani babban bincike da Amurka ta shirya ya duba ƙarin mutum 91, ya raba su gida uku. Gidan da ya fi muni shi ne wanda aka fi samun lalacewar CTNNB1 da TP53. Irin wannan yakan dawo bayan tiyata, ya tafi hanta da huhu. Wannan ne dalilin da mutum biyu za su zo da ƙari mai girma ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya, ɗaya ya rayu shekaru da yawa, ɗayan ciwon ya dawo masa kafin shekara ta zagayo. Sau da yawa ba laifin likita ba ne, ba kuma sakacin mai jinya ba.

A manya, yawancin wannan lalacewa a cikin ƙarin kaɗai take. Ba a haifi mutum da ita ba, ba kuma zai ba 'ya'yansa ba.

Wanda ake gada

TP53 shi ne babban birkin jiki. Idan ƙwaya ta lalace, shi ke tsayar da ita a gyara ta, ko ya kashe ta. Akwai iyalan da ake haifar 'ya'yansu da ɗaya daga cikin biyun a lalace. A 1969 likitoci biyu a Amurka, Frederick Li da Joseph Fraumeni, suka bayyana irin waɗannan iyalai, a 1990 aka gano TP53 ne sanadi. A gidajen nan sankara takan zo da wuri: ta nono ga mace tun ba ta kai 35 ba, ta ƙashi ko tsoka ga matashi, ta ƙwaƙwalwa, ta jini, da ta hular ƙoda ga ƙaramin yaro. Fiye da rabin yaran da ke kamuwa da sankarar hular ƙoda da wannan gadon aka haife su.

Kudancin Brazil ne ya fi kowa sanin wannan. A can ciwon ya fi kama yara ninki 10 zuwa 15 a kan sauran duniya, saboda wata lalacewar TP53 da jama'a da yawa suka gada daga kaka ɗaya. A jihar Parana, tsakanin 2005 da 2010, an gwada jinin jarirai sama da 170,000, aka samu 461 suna ɗauke da ita. Cikinsu 11 ne ƙarin ya fito musu a shekarun da aka bi su. Ku lura da wannan adadi: ɗaukar gadon ba ya nufin dole sai ciwon ya zo. Yaran da iyayensu suka riƙa kai su awo a kai a kai, an cire musu ƙarin tun yana ƙarami, suka warke. Waɗanda ba a riƙa kawowa ba, nasu ya fi girma kafin a gano shi, wasunsu suka rasu. Gadon iri ɗaya ne. Lokacin zuwa asibiti ne ya bambanta.

Akwai magana da ya kamata a faɗa a fili, domin mun san yadda ake yi a gida idan yara suka yi ta rasuwa: a ce jinin uwar ne ba shi da kyau, a sake ta. Wannan gado daga uba yakan zo kamar yadda yake zuwa daga uwa. Iyaye ɗaya ya isa, kuma kowane ciki rabi da rabi ne, ko yaro ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ba kamar sikila ba ne da sai an haɗa daga ɓangare biyu, saboda haka ba auren zumunci ke kawo shi ba.

Abin da ido zai iya gani

Awon ƙwayoyin gado yana da tsada, kuma ƙananan asibitoci irin namu ba su da shi. Amma wannan ƙarin yakan tona kansa, domin yana zuba sinadarai fiye da kima. A yaro, alamar ita ce balaga kafin lokaci: ɗan shekara 2 ko 3 ya fito da gashin mara, ƙuraje a fuska, warin hammata irin na manya, murya ta buɗe, al'aura ta girma. Wasu iyaye sukan ɓoye saboda kunya, wasu su ce aikin iska ne, har akwai masu murna wai yaro yana da ƙarfi. Ku kawo shi a makon da kuka gani.

A babba, fuska takan yi faɗi ta zagaye, ciki ya yi tulu, hannu da ƙafa su rame, zane mai duhu ya fito a ciki da cinya, ga hawan jini da ciwon sukari da suka zo tare ba zato. Mace al'adarta takan ɗauke, gemu ya fito mata. Wani kuma ba abin da zai ji sai nauyi da ciwo a kwiɓi.

A nan sai mun yi tambayar da wasu ba sa so. Ƙwayar deksametazon da 'yan mata ke sha don ƙiba, da wasu mayukan sa fata haske, suna kawo kusan duk waɗannan alamu, kuma a wurarenmu su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, ku zo da kwalin. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina rana ɗaya, domin hular ƙodarsa ta yi barci, zai iya suma har ya mutu. A hankali ake ragewa, a hannun likita.

Idan za ku zo, ku tambayi tsofaffin gida, na ɗakin uwa da na uba: wa ya rasu da ƙari ko sankara, a wane wuri na jiki, yana da shekara nawa? Wannan labari shi ne awon gadon da muke da shi a hannu. Idan ya nuna alama, sauran yaran gidan ma sai a duba su.

Hoton ciki, wanda ake kira eko ko sikanin, yakan nuna ƙarin, sannan a tura ku babban asibiti don hoto mai zurfi da awon jini. Maganin da ke warkarwa shi ne tiyata, a cire ƙarin dunƙule ba tare da ya fashe ba. Saboda haka kada a bari a yi masa tsaga, sakiya ko ƙaho, kada kuma a soka masa allura. Idan an cire shi tun bai fita daga mazauninsa ba, fiye da rabin marasa lafiya sukan wuce shekara 5. Idan ya riga ya bazu, ko ɗaya cikin biyar ba sa kaiwa. Akwai magani mai suna mitotan, amma yana da wuyar samu, yana sa tashin zuciya da jiri, kuma mai shan sa dole ya haɗa da haidorokotizon kullum. Bayan tiyata ana komawa hoto duk wata 3 a shekaru biyun farko, ko da mutum yana jin garau.