Kafin Ka Sayi Babbar Monita Don Gem, Fara Auna Teburinka

A watan jiya wani ƙanina ya kira ni a waya, ransa a ɓace. Wata takwas ya yi yana tara kuɗi, ya je ya ɗauko monita mai inci 32, 4K, irin wadda yake gani wajen 'yan gem a YouTube. Ya kawo gida ya jona da kwamfutarsa, hoto ya fito tar kamar ka sa hannu ka taɓa. Sai da ya kunna wasa murna ta koma ciki: motar da yake tuƙawa tana tafiya tana sarƙewa, kamar bidiyo idan netwok ya yi rauni. Ya ce, "Yaya, anya ba jabu suka sayar min ba?" Monitar lafiyarta ƙalau. Kwamfutarsa ce ya ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta.

Idan kai ma kana tara kuɗin monita, akwai abubuwa uku da dole su yi daidai da juna: allon kansa, nisan idonka da shi, da ƙarfin na'urar da za ta zana hoton. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗigo nawa ne a allon?

Duk hoton da kake gani a sikirin tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu haske, ana kiran kowane ɗaya fiksel. Allon 1080p yana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla kusan miliyan 2.1. Na 1440p yana da 2560 sau 1440, wato kusan miliyan 3.7. Shi kuwa 4K, 3840 sau 2160 ne, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu ke nan na 1080p.

Incin da ake faɗa kuma awo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, bai gaya maka komai game da tsabtar hoto ba. Ka ɗauka kamar saƙar tabarma ce: idan kabar ba ta ƙaru ba amma ka faɗaɗa tabarmar, dole saƙar ta yi sako-sako. Monita mai inci 24 a 1080p tana da fiksel kusan 92 a kowane inci. Ka kai wannan 1080p ɗin inci 27, sai ya sauko 82, rubutu ya fara yin gaɓa-gaɓa. Inci 27 a 1440p yana ba da 109, inci 32 a 4K kuma 138.

Idonka ma yana da iyaka

Ka tuna allon haruffan da likitan ido ke sa ka karanta daga nesa? Wani likita ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya tsara shi a 1862. Idan aka ce ganinka 6/6 ne, ana nufin idonka yana rarrabe abin da faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda. Abin da ya gaza haka, haɗewa yake yi da na kusa da shi.

Da wannan awon za mu iya lissafa nisan da fiksel ke ɓacewa daga ido. A inci 27 mai 1080p, sai ka ja baya kusan santimita 107 kafin ɗige-ɗigen su daina bayyana. A inci 27 mai 1440p, santimita 80 ya isa. A inci 32 mai 4K, kusan santimita 63. Wasu, musamman matasa, idonsu ya fi 6/6 kaifi, don haka ka ɗauki alƙaluman a matsayin kimantawa.

To me wannan ke nufi a aljihunka? Idan kana zama santimita 80 daga allo, 1440p a inci 27 ya riga ya kusan cika abin da idonka ke iya gani. Ƙarin fiksel miliyan huɗu da rabi da za ka biya a 4K, kaɗan daga amfaninsu zai iso maka, musamman a hoton da ke gudu. Idan kuwa a kujerar falo kake zama, mita biyu da rabi daga talabijin mai inci 55, da wuya ka bambance 4K da 1080p sam.

Girman ma yana da nasa sharaɗi. Inci 32 a kan ɗan ƙaramin tebur yana sa ka riƙa juya wuya kafin ka ga taswira ko makin da ke gefen allo. Shi ya sa masu gasar wasannin harbi galibi suke tsayawa a inci 24 zuwa 25, don komai ya kasance cikin kallo ɗaya.

Wa zai zana ɗige-ɗigen?

Nan ne ƙanina ya faɗa rami. Fim an riga an ɗauke shi, na'ura nunawa kawai take yi. Gem kuwa a take ake zana shi: duk motsin da ka yi, katin girafik ne zai lissafa launin kowane fiksel, ya sake lissafawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. A 4K, hoto 60 a daƙiƙa yana nufin fiksel kusan miliyan 500 kowace daƙiƙa. Katin da ke sheƙa gudu a 1080p, idan ka ninka masa aiki sau huɗu, dole ya yi nishi.

Akwai dabarun rage nauyi, irin su DLSS na Nvidia da FSR na AMD, waɗanda ke zana hoton a ƙarami sannan su faɗaɗa shi da lissafi. Suna taimakawa sosai, amma ba sa mayar da jaki doki.

Hz: sau nawa allon ke sabunta hoto

Monita mai 60Hz tana canza hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana tsayawa milisakan 16.7. A 144Hz ya sauko 6.9, a 240Hz kuma 4.2. Lura da yadda ribar ke raguwa: daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan 10, daga 144 zuwa 240 kuwa ƙasa da 3. Tsallen farko hannunka da idonka za su ji shi nan take. Na biyun sai ɗan gasa.

Ka kuma nemi monita mai FreeSync ko G-Sync. Aikinsu shi ne sa allon ya jira katin girafik ya gama zana hoto kafin ya nuna, don kada hoton ya riƙa yagewa gida biyu.

Irin gilashin, kebul da wuta

IPS yana ba da launi mai kyau ko daga gefe kake kallo, shi ne ya fi dacewa da yawancin mutane. VA baƙinsa ya fi zurfi, amma wasunsu suna jan inuwa a wurare masu duhu. OLED ya fi su duka kyan baƙi da sauri, sai dai tsada, kuma abin da ya daɗe a wuri guda, kamar allon maki a wasan ƙwallo, yana iya barin tabo bayan dogon amfani.

Kebul ma ba abin rainawa ba ne. HDMI 2.0 yana kai 4K a 60Hz. Idan kana da PS5 ko Xbox Series X kuma kana son 4K a 120Hz, dole monitar da kebul ɗin su kasance HDMI 2.1. A kwamfuta, DisplayPort ne ya fi sauƙin kai ka manyan Hz. Bayan ka jona, shiga saitin Windows ka duba, domin sau da yawa yana zama a 60Hz har sai ka canza da kanka.

Sai maganar da bidiyon Turawa ba sa yi: wuta. Monitar kanta ba ta cika cin wuta ba, katin da zai ciyar da ita ne matsalar. RTX 4060 yana jan kusan wat 115, RTX 4090 kuwa wat 450, shi kaɗai ban da sauran kwamfutar. Idan da inbata, sola ko ƙaramin janareta kake wasa, wannan bambancin shi ne tsakanin kwana kana gem da batir ya yi ƙara tun ƙarfe tara. Ga kuma zafin da katin ke fitarwa a ɗaki a watan Afrilu.

To wacce za ka saya?

Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan katinka matsakaici ne ko laftof kake amfani da ita, inci 24 mai 1080p da 144Hz zai fi yi maka daɗi. Idan katin yana da ƙarfi kuma zamanka santimita 70 zuwa 80 ne, inci 27 mai 1440p da 144Hz ko sama shi ne inda kuɗi da amfani suka fi haɗuwa. Inci 32 mai 4K na wanda ke da babban kati ne, da tebur mai zurfi, da wuta tsayayya, ko wanda zai haɗa gem da aikin gyaran hoto da bidiyo.

Idan ta hannu za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. Sa a kunna maka ita a shago, ka cika allon da fari, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi, ka matso ka nemi ɗigon da ya mutu ko hasken da ke tsiyaya daga gefe. Ka tabbatar da idonka a saiti cewa Hz ɗin da aka rubuta a kwali yana fitowa.

Shi ƙanin nawa a yanzu ya rage wasanninsa zuwa 1080p a kan monitarsa ta 4K, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya biya yake mora, yana kuma tara kuɗin sabon kati. Kai kafin ka fita kasuwa, ari tef ɗin awo wajen tela, ka auna daga idonka zuwa inda allon zai zauna, ka rubuta sunan katin girafik ɗinka a takarda. Da waɗannan biyun za ka shiga shago.