Bambancin Jan Tsuntsun Duwatsun Jos da Mazari Mai Ƙaura

Jan tsuntsun duwatsun Jos (Lagonosticta sanguinodorsalis) ƙaramin tsuntsu ne mai waƙa, shi kuwa mazari mai ƙaura (Pantala flavescens) ƙwaro ne mai fukafukai huɗu. Dukansu ana samun su a Arewacin Najeriya, amma ɗaya mazaunin wuri ɗaya ne, ɗayan kuma matafiyi.

Bayani

Robert Payne ne ya bayyana tsuntsun a shekarar 1998. Tsawonsa kimanin santimita 10 ne, namijin yana da jan baya, abincinsa kuma ƙwayar ciyawa. Mazarin, wanda Fabricius ya bayyana tun 1798, launinsa ruwan ɗorawa ne, faɗin fukafukansa kimanin santimita 8, kuma ƙananan ƙwari yake kamawa a cikin iska.

Mazauni

Tsuntsun ba ya nisa da duwatsu masu ciyawa da ƙananan bishiyoyi. An fi saninsa a tsaunukan Jos, musamman dajin Amurum, sai kuma duwatsun Mandara. Mazarin yana bin iskar damina, har yakan tsallaka Tekun Indiya daga Indiya zuwa Gabashin Afirka.

Haihuwa

Tsuntsun yana yin sheƙa, amma wani tsuntsu mai suna Vidua maryae yakan saka ƙwansa a ciki, ya bar masa reno, namijinsa kuma yana kwaikwayon waƙar mai sheƙar. Sunan dangin wannan baƙo a Turanci ya samo asali ne daga shuɗin baba, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano.

Mazarin ba ya reno. A ruwa yake zuba ƙwansa, musamman wanda ya kwanta bayan ruwan sama, kamar na kududdufan cikin birnin Kano. 'Ya'yansa kan girma cikin kusan wata biyu, kafin ruwan ya ƙafe, kuma suna cin ƙananan halittun ruwa, har da tsutsar sauro.

Barazana

Idan aka cike kududdufi don gini, mazarin kan nemi wani ruwan a gaba. Tsuntsun ba shi da wannan damar. Fasa dutse, saran itace da ƙona daji suna rage mazauninsa, kuma raguwarsa za ta shafi Vidua maryae da ya dogara da sheƙarsa.