"Kowa Ya San Gidana": Raddi ga Masu Raina Kundin Adireshi

Akwai maganar da ake yawan ji a ofisoshinmu idan aka zo batun jerin sunaye da adireshin waɗanda za a aika wa wasiƙu. Sai ka ji babban ma'aikaci, mai hankali da sanin ya kamata, ya ce: "Adireshi ai ba sirri ba ne. Ko yaro ka tambaya a unguwarmu zai kai ka har ƙofar gidana." A kan wannan magana ake gina hukunci biyu. Ana ganin ɓata lokaci ne a zauna tantance jerin kafin a kwashi dubban ambulan zuwa gidan waya, ana kuma ganin ba komai ba ne a tura shi ta WhatsApp ga mai maɗaba'a, ko a ara wa wata ƙungiya da ta roƙa.

Masu wannan ra'ayi suna da madogara. A Fagge ko Gwammaja, ko cikin birnin Damagaram, gidan mutum ba ɓoyayye ba ne. Kwatance ya daɗe yana yi mana aiki: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai dalbejiya a ƙofa. Shekaru da dama wasiƙun ƙauye guda suna zuwa ta akwatin gidan waya na makarantar firamare, hedimasta ya raba, kowa ya karɓi tasa. Wanda ya taso a haka ba za a ga laifinsa ba idan ya yi mamakin masu kaffa-kaffa da adireshi.

Inda na saɓa da su shi ne, sanin da maƙwabci ya yi wa gidanka daban, sanin da kundi ya yi masa daban. Maƙwabci ya ga motar da ta kwashe kayanka ranar da ka tashi, kuma da shi za a yi jana'izarka ranar da ta Allah ta kasance, don haka saninsa kullum sabo ne. Sannan yana da kunya da lura. Idan baƙuwar fuska ta tambaye shi gidanka, sai ya ƙare mata kallo ya ce "Lafiya dai?" kafin ya nuna. Kundi ba ya jin labarin ƙaura ko rasuwa, kuma duk wanda ya buɗe shi zai amsa masa. Waɗannan ayyuka biyu da maƙwabci ke yi ba tare da an sa shi ba, a wuyan mai riƙe da kundi suke.

Wanda ke shakkar cewa adireshi yana tsufa ya dubi ribar hannun jari a Najeriya. An daɗe kamfanonin da ke riƙe rajistar masu hannun jari suna buga takardun riba da yawan gaske suna aikawa ta gidan waya. Mutum ya sayi hannun jari yana ma'aikacin masaƙa a Kaduna, ya rubuta akwatin gidan waya na wurin aikinsa. Masaƙa ta rufe, ya koma garinsu, takardunsa kuwa suna ta zuwa inda babu mai karɓa. Ya rasu, magada ba su ma san da dukiyar ba. A shekarar 2023 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta ƙasa, SEC, ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Ba adireshi kaɗai ya jawo haka ba, akwai waɗanda suka sayi hannun jari da sunaye daban-daban, akwai kuma rikicin gado. Amma tsohon adireshi yana cikin manyan dalilai, shi ya sa aka koma biyan riba kai tsaye ta asusun banki. Haƙƙin marayu da tsofaffi ne a cikin kuɗin nan, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Ko mutum bai tashi ba, rubutun kansa yana iya ɓatar da wasiƙa. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Jos. Haka Sabon Gari. Lambar yanki mai alƙaluma shida ta hukumar gidan waya ta Najeriya, NIPOST, an yi ta ne don raba irin wannan gardama: na birnin Kano suna farawa da 700, na Kaduna da 800, na Abuja da 900. Sai dai jeri nawa ka taɓa gani da aka cike wannan gurbi? Ghana ta bi wata hanyar a 2017 da GhanaPostGPS, inda kowane ɗan fili ya samu lambarsa.

Wasu za su ce ai yanzu lambar waya ta wadatar. Tana taimakawa ƙwarai idan saƙo ɗaya ne a hannun ɗan acaɓa. Amma wasiƙa dubu ashirin fa, wa zai zauna kiran masu su? Ga shi kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai ka kira Malam wane wata baiwar Allah ta ɗauka a wani gari.

A Amurka ba a bar wannan ga ganin damar mai aikawa ba. Wanda ke son rangwamen da ake yi wa masu aika wasiƙu da yawa dole ne ya sabunta jerinsa cikin kwanaki 95 kafin ranar aikawa. Hukumar gidan wayarsu tana da rumbun bayanan waɗanda suka sanar da sauya gida, na tsawon watanni 48. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ba a miƙa wa kowa rumbun. Sai ka kawo suna da tsohon adireshin da ke hannunka, idan sun dace da abin da ke ciki, sannan a ba ka sabon. Wato ko wajen gyara ba a yarda a buɗe wa mutum fiye da abin da ya riga ya sani ba.

Batun sirri kuwa, a nan ne maganar "kowa ya san gidana" ta fi rauni. Jeri ba ya zuwa shi kaɗai, kullum da dalilin haɗa shi. Wannan na masu karɓar fansho ne, wancan na iyayen ɗaliban makarantar kuɗi, wani na masu bashin banki, wani na marasa lafiyar da ke karɓar magani a asibiti. Maƙwabcinka ya san ƙofarka, amma bai san kana cikin wane jeri ba. A watan Yulin 2017 kamfanin inshorar lafiya na Aetna a Amurka ya aika wa mutane kimanin 12,000 wasiƙu a ambulan mai tagar leda. Tagar ta yi faɗi, har ana iya karanta layin da ke maganar maganin cuta mai karya garkuwar jiki ba tare da an buɗe ba. 'Yan uwa da abokan zama suka gani. A Janairun 2018 kamfanin ya amince ya biya diyyar sama da dala miliyan 17. Adireshin daidai ne, wasiƙun sun isa, abin da ke manne da adireshin ne ya tona asiri.

Mu a nan ba sai an je da nisa ba. Ka sayi tsire ko ƙosai, ka warware takardar da aka naɗe maka, wani lokacin sai ka ga layuka a jere, mai ya jiƙa su amma suna karantuwa: suna, unguwa, lambar waya, har da adadin kuɗi a gefe. Daga wani ofishi ko maɗaba'a aka auna su a kilo aka sayar. A lokacin da masu garkuwa da mutane ke biyan masu kai musu rahoton wanda ke da abin hannu da inda yake kwana, jerin iyayen yaran makaranta mai tsada ba abin yasarwa a kwandon shara ba ne.

Doka ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa mai tara bayanai ya tabbatar daidai suke, ya yi amfani da su a kan dalilin da ya karɓe su kawai, kuma idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72. Ara wa wata ƙungiya jerin membobinka ba da izininsu ba, ko da niyyar alheri ce, ya saɓa wa wannan.

Na san ƙorafin da zai biyo baya: ƙaramar makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa ina ta ga kuɗin wannan hidima? Mafi yawan aikin ba na kuɗi ba ne. Wasiƙar da ta dawo daga gidan waya labari ta kawo, a nemi mai ita a gyara adireshinsa a jerin kafin aikawa ta gaba, maimakon a tara su a kwali a bayan kabad. Mai maɗaba'a a ba shi suna da adireshi kawai, ba dukan fayil ba, a kuma rubuta yarjejeniya cewa zai goge bayan aiki, ya ƙone takardun da suka lalace wajen bugu. Masu sana'ar aika wasiƙu a ƙasashen waje suna da wata tsohuwar dabara da kowa zai iya: su cusa sunaye biyu ko uku na bogi a cikin jerin, masu adireshin wani amintaccen ma'aikacinsu, kuma kowane kwafi da ya fita da nasa sunayen daban. Ranar da wasiƙar talla ko kiran wani baƙo ya zo da ɗaya daga cikin sunayen nan, an san jerin ya fita, an kuma san ta hannun wa.